Gwiwar Tsoho Orval

A ɗakin jiran masu ɗaukaka ƙara na tsofaffin sojoji, tsoho Orval ya dubi matar da ke gefensa.

"'Yata, na sha dirowa daga jirgin sama, ban taɓa cewa wash ba. Amma suka hana ni kuɗin nakasa, wai gwiwata ƙalau!"

"Baba, da likita ya ce ka lanƙwasa ta, ina ka tsaya?"

"Tsayawa? Har ƙasa na tsuguna! Na yi kwanaki a kwance, amma bai ga gazawata ba."

"Ai inda zafin ke farawa yake aunawa. Abin da ka nuna masa ya rubuta."

Orval ya daɗe yana shafa gwiwar, sannan ya miƙa mata makulli.

"Sandata na cikin mota. Taimaka ki ɗauko min kafin su kira ni."