Ranar Da Tsoron Jarrabawa Ya Sake Ni

'Yan'uwana a cikin Ubangiji, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, wanda ya tsayar da ni a gabanku yau kaina a ɗage.

Sunana Rifkatu. Yawancinku kun san ni a ƙungiyar mawaƙa, amma ba kowa ya san inda nake wuni ba. A cikin birni nake aiki, a Madabo, wurin Hajiya Talatu mai sana'ar rini. Mata ke ɗaure yadi a tsakar gidanta, ni kuma in kai marina a Ƙofar Mata, in tsaya a kan aikin, in nemo masu saye. Kayanmu na da kyau ƙwarai. Amma duk ranar da baƙi daga ƙasashen waje suka zo da maganar kwangila, sai in ga iyakar sanina. Shi ya sa na ƙudura zan yi digiri na biyu a fannin kasuwanci.

Makarantar da na nema ba ta ɗaukar kowa sai ya zauna wata jarrabawa. Bari in ɗan bayyana muku ita. A kwamfuta ake yin ta, kashi uku: lissafi, da fahimtar rubutun Turanci, da karanta jadawali a yanke hukunci. Kowane kashi minti arba'in da biyar. Kwamfutar kuma tana bin sawun mutum: in ya amsa daidai ta miƙo masa wadda ta fi wuya, in ya kuskure ta sassauta. Maki yana tashi daga ɗari biyu da biyar ya tsaya a ɗari takwas da biyar, kuma ana duba nauyin tambayoyin da mutum ya iya, ba yawansu kawai ba. Wanda ya bar tambayoyi babu amsa kuwa, ya yi asara babba.

Ni kuma tun ina sakandare nake fama da tsoron jarrabawa. Ba irin fargabar da kowa ke yi ba. Hannuna ya ɗau rawa, ina kallon rubutu amma ba na ganin komai.

A Abuja na zauna ta farko. Da lissafi na fara, kuma da farko abin ya tafi lafiya. Can sai tambayoyin suka soma nauyi. Na san ma'anar hakan, wato ina amsawa daidai ne, amma tsoro ya ce mini, kin faɗi. Na maƙale a kan tambaya guda ina zufa har lokaci ya ƙare, saura duk babu amsa. Makin da ya fito a kan allon, ko kusa da abin da makarantar ke nema bai kai ba.

Na dawo Kano na kwanta. Na daina zuwa aiki, na daina zuwa koyon waƙa. Abinci ma sai an matsa mini.

Wata rana da hantsi sai ga Hajiya a adaidaita sahu har ƙofar gidanmu a Sabon Gari. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Rifkatu, me ya same ki?"

Na ce, "Hajiya, na faɗi."

Ta ce, "Faɗuwa ce kawai? Na ɗauka rasuwa aka yi miki. Tashi ki wanke fuska. Daga yau Talata da Alhamis kada in ga ƙafarki a Madabo, ki zauna ki yi karatu. Ki je wurin mutanenki su yi miki addu'a, ni ma zan yi tawa."

Haka na je wurin Mama Asabe, uwar zumuntar mata, ga ta nan zaune a gaba. Na ce mata, "Mama, ba karatun ne ya gagare ni ba, jikina ne ke yi mini tawaye."

Ta kama hannuwana biyu muka durƙusa. Ba ta roƙa mini maki ba. Cewa ta yi, "Ubangiji, ka zaunar da 'yarka a kujerar nan har ta gama. Ka cire mata wannan tsoro da ba kai ka ba ta ba." Na yi kuka sosai. Da muka tashi, na ji numfashina yana sauka har ciki, abin da na daɗe ban ji ba. Haleluya!

Na koma karatu, ina gwada kaina da agogo a gefe, sannan na sake komawa Abuja. Mutum ke zaɓen kashin da zai fara da shi, sai na fara da Turanci, na sa lissafi a tsakiya. Tambayoyi masu wuyar suka zo kamar wancan karon, hannuna ya soma motsi. Na ɗora shi a cinya na ce a zuciyata, Yesu, kana nan. Sai rawar ta tsaya. Wadda ta gagare ni, in zaɓi amsar da ta fi kama hankali, in yi mata alama in wuce. Da na kai ƙarshe da sauran lokaci, na koma na gyara guda biyu. Ban bar ko ɗaya babu amsa ba.

Na danna maɓallin ƙarshe, maki ya fito: ɗari shida da sittin da biyar. Na zauna ina kallon allon har matar da ke sa ido ta matso ta ce, "Madam, lafiya?" Na ce mata, "Lafiya lau, godiya nake yi."

Makarantar ta ɗauke ni, 'yan'uwa, har da tallafin karatu. Ranar da na kai labari Madabo, matan suka ajiye zare suka rangaɗa guɗa, Hajiya kuwa duk wanda ya shigo sai ta nuna ni ta ce, "Ga manajarmu." Ba zan ɓoye muku ba, ina alfahari. Ni na yi karatun, ni na zauna a kujerar, amma Ubangiji ne ya riƙe ni a kanta.

In akwai wani a nan da tsoro ya kayar, ya daina fita, ya daina zuwa sujada, kada ya kwanta shi kaɗai kamar yadda na yi. Ya zo a durƙusa tare da shi. Wanda ya yi mini zai yi masa. Na gode wa Mama Asabe, na gode wa Hajiya, ɗaukaka kuma ta tabbata ga Yesu. Amin.