Jan Kati da Koren Kati

A ɗakin jira na asibiti wata mata ta kasa zaune ta kasa tsaye. Mahaifinta na jingine da bango yana numfashi sama-sama, ita kuwa sai jujjuya koren kati take yi. Mutumin da ke gefenta jan kati ne a hannunsa.

"Malam, jan nan na mene ne?"

"Na gaggawa. Mai kore sai an gama da kowa. Na'urar nan mai basira ta bakin ƙofa ce ke hasashen wanda ya fi jin jiki."

"Kai me ke damunka?"

"Tela ne ni. Allurar keke ta soke ni a yatsa."

"Yatsa? Baba tun safe ko magana ba ya iya haɗawa. Da me ta auna?"

"Na tambayi malamar jinya. Ta ce ita ma launi kawai take gani, na'urar ba ta faɗin dalili."

"Kai kuma ka karɓa ka yi gum."

"Baiwar Allah, wa ke ƙin sa'a?"

Aka kira masu ja. Telan ya miƙe, ya dubi tsohon, ya dubi yatsansa, sai ya cusa mata katin a hannu.

"In suka tambaye ni fa?"

"Ki ce na'ura ce ta ba ki. Tun da na zo ban ga wanda ya ja da ita ba."