Mai Tsaron Gida Ba Rajista

A ɗakin jira na tasha, wani dattijo mai usur rataye a wuya ya leƙa littafin da ɗalibar gefensa take rubutu a ciki.

"'Yata, me ake koyo?"

"Gudanar da harkokin wasanni, Baba. A jami'a."

"Ikon Allah! Ƙwallon ma sai da digiri? Shekara ashirin ina riƙe da ƙungiyar unguwarmu, ban taɓa buɗe littafi ba."

"Madalla. Yaya gasar bana?"

Dattijon ya gyara zama. "Sun kore mu. Wai mai tsaron gidanmu ba shi da rajista. Ni da na kai takardunsa da hannuna!"

"Kun ɗaukaka ƙara?"

"Ƙwarai. Na je na wanke su tas, har tebur na buga."

"A rubuce nake nufi, Baba. Yawanci kwana uku ake bayarwa. Yaushe aka yanke hukuncin?"

Ya ƙirga da yatsu, ya sake ƙirgawa. "Shekaranjiya."

"To, in aka tashi ofis yau, shi ke nan."

Aka kira fasinjojin motarsa, amma bai motsa ba. Can ya zaro biro daga aljihu, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Rubuta mana, 'yata. Allah ya yi miki albarka."

"Ashe karatun yana da rana, Baba?"

"Wace rana? Na dai ga rubutunki ya fi nawa kyau ne."