Ƙofar da Ta Ƙi Buɗewa a Ƙirjina

Salamar Yesu Mai Cetonmu ta kasance da ku, 'yan'uwa. Sunana Rahila, ana ce mini Maman Bitrus. Citta nake sayarwa a Kachia.

Shekarun baya loma ta fara tsaya mini a ƙirji. Tun ina kora tuwo da ruwa, har ruwan ma ya riƙa dawowa. A asibiti aka ce olsa ce. Dangi suka ce sammu ne, har wurin boka suka kai ni. Na rame, zani ya ƙi zama a ƙuguna.

Ranar Jibin Ubangiji, ɗan gutsuren gurasar da ake raba mana a coci ma ya ƙi wucewa. Na fita bayan coci na durƙusa ina kuka: "Ya Uba, ko a teburinka ba ni da rabo? Ka nuna mini inda zan je!"

Ran kasuwa Alhaji Sule, mai sayen cittata, ya dube ni ya ce, "Maman Bitrus, wannan irin ciwon ƙanena ne sak. Akwai likita a Ibadan mai na'urar awon maƙogwaro." Shi da kansa ya sa mu a motar citta mai zuwa Ibadan, ni da maigidana.

Likitan ya zura siririn tiyo ta hancina har cikin ciki, hawaye na zubo mini. Ya riƙa ba ni ruwa kaɗan-kaɗan yana cewa, "Mama, haɗiye." Duk haɗiya, wata allura tana zane a takarda. Da ya gama ya ce, "A ƙarshen hanyar abinci akwai ƙofa, takan buɗe da kanta in mutum ya haɗiya. Taki ce ta ƙi buɗewa. Ana gyarawa."

Ashe tun a cikin uwata Allah ya sa mini ƙofa, tana buɗewa tana rufewa, ban taɓa sani ba balle in gode.

Aka yi mini aiki. Da aka ba ni kunu, na ji ɗuminsa yana gangarawa har ƙasa. Na yi ihu, "Ya wuce!" Maigidana ya rufe fuska da hula yana kuka.

Halleluya! Na gode wa Ubangiji. Kai da ka gaji da yawon neman magani, kada ka yanke ƙauna. Wanda ya gina jikinka ya san inda ya toshe, ya kuma san wanda zai aiko maka. Amin.