Ku Ɗaga Aikin Ƙaba Zuwa Bayan Kaka

Assalamu alaikum. Shugaban taro, wakilin Hakimi, dagatai da masu unguwanni, malamanmu, likitocin da suka taso daga nesa, iyayenmu mata, jama'ar ƙasar Daura, ina gaishe ku. Ni tsohon hedimasta ne, an ba ni lasifika don in yi godiya. To, na gode wa ƙungiyar da ta kawo mana aikin ƙaba kyauta. Yanzu ku yi haƙuri da sauran maganata.

Na farko, ku ɗaga kai ku dubi gabas. Hadari ne. A irin wannan lokaci kuka zo bara, a irinsa kuka dawo bana, domin lokacin ne ya yi muku daidai, ba mu ba.

Na biyu, ƙanena Sama'ila, manomi a gefen Zango. Bara aka yi masa aiki, aiki mai kyau, ban zargi hannun kowa ba. Da za a sallame shi, likita ya ce, "Malam, kada ka ɗaga abin da ya fi buta nauyi sai ɗinki ya kama." Sama'ila ya yi dariya ya ce, "Likita, to butar ce za ta yi mini huɗa?" Aka yi dariya, har da ni.

Ruwa ya sauka. Matarsa Barakatu ta ɓoye garma a ɗakinta, ya je ya aro ta maƙwabci. Ba wauta ba ce, jama'a. Wanda bai yi huɗa da damina ba, me iyalinsa za su ci da rani? A tsakiyar kunya ɗinkin ya buɗe. A kan babur aka ɗauko shi, bai iso Daura da rai ba.

Na faɗa wa manyan ƙungiya wannan magana a zaman makoki. Suka ce, "Gaskiya ne, Baba, za a duba." Na yi shekaru ina koyar da yara cewa magana mai hujja tana gyara al'amari. Na koya musu abin da ba haka yake ba.

Ga Auta can a bakin rumfa, ƙaraminmu, mai 'ya'ya biyar. Gobe za a yi masa aiki. Gonarsa na jiransa, gonar marigayi ma yanzu a wuyansa take. In ya fasa, ƙaba na cinsa. In an yi, garma na jiransa. Roƙona ɗaya: ku dawo bayan kaka, sa'ad da hatsi ya shiga rumbu, talaka ya sami damar kwanciya. Na san motocinku sun riga sun shirya tafiya wani gari jibi.

Allah Ya jiƙan Sama'ila, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya mai da baƙinmu gida lafiya. Ban taɓa roƙon Allah Ya jinkirta ruwa ba, sai bana.

Don Allah kada ku tafa. Na gode.