Na Tsakiya a Hoton Anko

A tashar Daura, kan bencin masu jiran motar Baure, wani saurayi cikin sabuwar shadda ya miƙa wa dattijon da ke gefensa waya.

"Baba, duba hoton da na sa a shafin neman aure. An dace kuwa. Yau zan je gaishe da iyayenta."

"Ikon Allah. To ai mutum biyar nake gani, anko ɗaya, hula iri ɗaya."

"Bikin abokinmu ne. Mace tana son ta ga mutum yana da jama'a."

"Ba ka da wanda kake kai kaɗai?"

"Akwai na katin zaɓe. Wata biyu yana shafin, ko sallama ba a yi min ba."

"Ita ta taɓa ganin ka ido da ido?"

"Murjanatu? A'a, babanta ya hana kiran bidiyo. Amma ta ce na tsakiyan nan ya kwanta mata."

Dattijon ya dubi wayar, ya dubi saurayin.

"Ɗana, na tsakiyan nan dogo ne."

"Ƙwarai, Abbas ke nan."

"To kai wanne ne?"

"Haba Baba! In na shiga, wa zai ɗauki hoton?"