Likita a Kafaɗa

A rumfar mai faci na ji wannan, ina jiran a gama min taya. Wani mutum mai tumbi ya iso da keken tura jariri mai ƙafa uku, tayar gaba ta sace. Ya saɓa 'yarsa a kafaɗa, yana ta sassarfa a wuri ɗaya.

Mai faci ya ce, "Malam, zauna mana, ga benci."

"In na tsaya ta farka. In ta farka kuwa, kai ma sai ka rufe rumfar nan."

"To gudun na mene ne? Wani ya biyo ka?"

"Hawan jini. Shekara uku likita na cewa in motsa jiki, ina cewa sai gobe. Da aka haifi wannan, uwarta ta sayo keken, ta ce mu riƙa fita tare. Yanzu yarinyar ba ta barci sai ana gudu da ita. Da na rage sauri, sai ihu."

"Ashe likitan ne ka saɓo a kafaɗa! Mu da zane aka goya mu, muka sha barcinmu. Ku 'yan zamani kun iya sangarta yara."

"Naka nawa?"

"Tagwaye, watansu biyar."

"Suna barci?"

Mai faci ya tsoma tiyub a ruwa, ya daɗe yana kallon kumfa.

"Kana zaton son aiki ke fito da ni tun asuba? Bencin nan nake zuwa, in ɗan runtsa." Ya rage murya. "Keken nan, akwai mai kujera biyu?"